Sakatar Ɗakin Ƙarshe

Kafin ku taru a ƙasan rubutun nan ku yi min caa kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗi abin da ya faru daga farkonsa, sannan kowa ya yanke hukuncinsa. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: shekarata ashirin da takwas, ban yi aure ba, kuma sana'ata goge tagulla. Na ji dariyarku tun daga nan. Wasu 'yan matan kek suke yi, wasu turare suke haɗawa, ni kuwa mariƙin ƙofa da sakata da tsofaffin fitilu nake wankewa har su koma kamar ranar da aka ƙera su. Wajen Babana na gada, Allah ya ji ƙansa, haɗe da akwatin kayan aikinsa da taurin kansa.

Akwai wanda yake nemana, wata takwas ke nan. Mai Shiru na sa masa a wayata, don in ya zo sai na yi magana goma kafin ya yi ɗaya, ɗayar ma sai ya juya ta a baki kafin ta fito. Injiniya ne, manyan injinan wuta yake gyarawa. Ina son sa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Mutum ne da zai zauna ya riƙe min kofin kusoshi awa guda ina aiki bai ce ya gaji ba. Abu ɗaya ya hana ni cewa to. Duk wata sai ya ɓace kwana uku ko huɗu, ya ce aiki ya kai shi wani gari, kuma a kwanakin ba ya ɗaga waya, sai dai saƙo. In na yi ƙorafi ya ce ƙarar inji ba za ta bari ya ji ni ba. Ni kuwa zuciyata ta riga ta gama shari'a, ta ce mace ce.

Ranar Litinin da safe Mama ta ritsa ni ina ninke kaya.

"Asabar ɗin nan manyansa za su zo wajen Kawunki. Me zan ce masa ya ce musu?"

"Mama, ina tunani."

"Wata takwas kina tunani. Littafi kike rubutawa? Ƙanwarki da kika goya, ga ta da 'ya'ya biyu, ke kina nan kina lallashin ƙarafa. Yaron nan ba ya sha, ba ya zagi, in ya shigo gidan nan ko kaza ba ta tashi. Me kuma kike nema?"

"Ni fa ban ce ba na so ba."

"To ban ji kin ce kina so ba. Daga nan zuwa Asabar, ko e ko a'a. Na gaji da kare ki a gaban dangi."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kiran yayarsa. Su biyu ne kacal wajen iyayensu, kuma ita ce uwa ita ce uba tun da iyayen suka rasu. Ta ce ai na san tsohon gidansu da yake so ya gyara mu zauna a ciki, in Allah ya nufa. Ta ce shekara tara gidan yana rufe, duk ƙarafan ƙofofin sun dafe, ko zan zo in duba su tunda shi ya yi tafiya yau. Na ce to da sauri. A raina na ce bari in je in ga inda ake shirin ajiye ni.

Ranar Talata na saka tsohuwar doguwar rigata mai ruwan toka wadda ruwan lemo ya riga ya yi wa zane, na ɗaura ɗankwali tamau, na ɗauki akwatin Baba da buhun lemon tsami. Gidan bene ne mai hawa ɗaya, katangarsa doguwa, bishiyar tsakar gidan ta yi girman da ta hana rana shiga falo. Kujeru duk an lulluɓe su da zannuwan gado. Agogon bango ya tsaya. Ga wani wari na rufaffen wuri da ke kama maƙogwaro, irin na akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya ta tare ni a ƙofa, doguwa, ramammiya, cikin baƙar riga mai dogon hannu, ƙasan idonta ya yi duhu kamar wadda take jinya.

"Sannu da zuwa, ƙanwata. Kin ga aikin da muka tara miki."

"Ai ba komai, Yaya. Na ga waɗanda suka fi wannan fushi."

Ta yi murmushi kaɗan. Ƙofa goma sha shida ne a gidan, kowacce da mariƙin tagulla da farantinsa, wasu da sakata, ga maƙalan tagogi, ga wasu dunƙulallun kawuna a kan ƙarfen matattakala. Kakansu ne ya sa su, lokacin da ake yin kaya don su wuce mai su.

Baba ya bar min dokoki biyu, kuma a kansu wannan labari ya rataya, don haka ku riƙe su. Ta farko, kada ki goge ƙarfe kafin ki zagaya ki kalle shi. Yakan ce tagulla ba ta iya rufa wa kowa asiri, inda hannu yake taɓawa kullum yana nan fes, inda aka yi watsi da shi ya yi baƙi ya fara kore. Ta biyu, ba a goge ƙarfe a jikin ƙofa. Ruwan lemo da gishiri yana cin katako. Sai a kwance shi, a zuba kusoshinsa a kofi, kowace ƙofa da kofinta, a kai shi bokiti ya jiƙa, a bi shi da buroshi da toka mai laushi, a ɗauraye, a busar, a murza da tsumma, sannan a mayar.

Na zagaya kamar yadda aka koya min. Mariƙin ƙofar gaba baƙi ƙirin, har da kore a gindi. Na falo haka, na ɗakin iyayensu haka. Amma da na isa ƙofar baya, wadda take fita ta kicin, sai na tsaya. Mariƙin ya dafe ta ko'ina ban da inda tafin hannu yake kwanciya, nan kam sheƙi yake kamar zinare. Na kicin ma haka. Na bi ƙyallin nan kamar mai bin sawu, ya kai ni gindin matattakala, inda dunƙulallen kan tagulla na farko ya yi sumul. Na ɗaga kai na ga na sama ma yana walƙiya a cikin duhu.

"Yaya, akwai mai kwana a gidan nan ne?"

Tana share ƙura a taga, ba ta juyo ba. "Ni ce nake leƙowa wani lokaci in yi shara."

Na ce to. Amma leƙowa wani lokaci ba ya yi wa tagulla wannan sheƙin, wannan aikin shekaru ne na hawa da sauka. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida na fara matse lemo.

Da rana na tura masa saƙo. "Ina gidanku. Ƙofofinku sun yi fushi da ku."

Sai da aka jima ya amsa. "Sannu da aiki. Kada ki wahalar da hannunki."

"Yaushe za ka dawo?"

"Juma'a, in Allah ya yarda. Kin ci abinci?"

Kullum haka yake, in ka tambaye shi gabas ya tambaye ka ko ka ci abinci. Na ajiye wayar na ci gaba da dirzar mariƙin falo. Akwai daɗi a aikin nan da ba kowa zai gane ba. Ka ɗauki abu baƙi kamar gawayi, ka yi ta murzawa, can sai wani ɗan wuri ya buɗe ja-ja, furen da maƙeri ya zana tun zamanin kakansu ya fito da ganyensa. Ranar na gama ƙasa gaba ɗaya, hannuna ya yi baƙi har gwiwa.

Laraba na hau sama. Doguwar baranda ce mai ƙofofi biyar, huɗu a gefe, ɗaya a can ƙurya tana fuskantar mai tahowa. Ina ajiye akwatina Yaya ta bayyana a bayana, ko takunta ban ji ba.

"Wancan na ƙarshen ki bar shi. Tarkace ne a ciki, kuma a kulle yake da makulli."

"Ai ba shiga zan yi ba, Yaya, ƙarfen waje kawai."

"Ki bar shi dai."

Na durƙusa a ƙofar farko ina kwance kusoshi. Gidan ya yi tsit, har numfashina nake ji. Can sai na ji ruwa yana gudu a cikin bango, irin yadda famfo yake yi in an buɗe shi a wani ɗaki. Yaya kuwa tana ƙasa, ina jin ƙarar tsintsiyarta. Ruwan ya tsaya. Sai wani sauti ya biyo baya, a hankali, kamar ana jan kujera a kan siminti, a tsaya, a sake ja. Na leƙa ƙasa na kira ta.

"Tantabaru ne a cikin rufi," in ji ta. "Sun mayar da gidan nasu."

Ban taɓa jin tantabarar da ta iya buɗe famfo ba, amma na koma kan kusoshina. Da azahar muka ci abinci tare a kicin, ta ƙoshi a gabana. Bayan nan ta ce za ta hau sama ta ɗan kishingiɗa, in sauka da kayan in wanke a tsakar gida. Ina juyawa na hango ta a matattakala da kular abinci a rungume, ta rufa mata gefen mayafi. Da ta sauko, kular ta yi sauƙi a hannunta.

A nan ne kaina ya ɗau zafi. Na ce shi ke nan, ga ta nan. Matar da nake zargi ba a wani gari take ba, a nan aka ajiye ta, yayarsa ce ma take kai mata abinci, ni kuma an kawo ni ina goge mata ƙofofi. Na koma gida ina huci. Mama ta tare ni da "Saura kwana uku," na wuce ta na shige ɗaki ko mayafi ban cire ba. Na rubuta masa saƙo mai tsawo, na zazzage masa duk abin da ke cikina, sannan na kasa turawa. Tsoro nake ji ya ce min e.

Alhamis da hantsi na mayar da ƙarafan ƙofofi huɗun nan, barandar ta yi haske. Wajen sha ɗaya Yaya ta yafa mayafi ta ɗauki jaka.

"Zan je kemis in dawo. Layi ne da su, zan ɗan jima. In kin gama ki jira ni a ƙasa."

Na ji ƙarar ƙofar baya, na ji ta ja ƙofar waje ta rufe, gidan ya rage daga ni sai abin da ke ɗakin ƙarshe. Na tsaya a tsakiyar barandar da sukudireba a hannu na fi minti biyar. Sannan ƙafata ta kai ni.

Sakata ce babba, ta tagulla, tsawonta ya kai daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu, kuma ta waje aka ɗaura ta. Kan da ake kamawa a ja ya sha hannu har ya siranta. Kusoshinta shida, ba na asali ba ne, na baƙin ƙarfe ne sababbi. A gefensu ga tsofaffin ramuka an cike da garin katako, layi biyu, alamar an taɓa fizge ta daga jikin ƙofar ba sau ɗaya ba. Na ga wannan da idona, na ce ƙila ɓarayi ne suka taɓa shiga. Mutum in yana son ya yi wauta, dalili ba ya yi masa wuya.

Na ƙwanƙwasa a hankali. Na yi sallama. Shiru. Na kara kunne, ban ji ko motsi ba. Na so in ja sakatar in tura ƙofar, wallahi na so, amma zuciyata ta gaza. Sai na yi abin da hannuna ya saba. Na ce wa kaina ai aiki nake yi, ba a barin ƙofa ɗaya baƙa a cikin gida, kuma tunda ta ce a kulle yake da makulli, sakatar ado ce kawai. Na zare ta, na kwance kusoshi shidan ɗaya bayan ɗaya na zuba a kofi, na rungumi sakatar na sauka da ita tsakar gida.

Na tsoma ta a bokiti, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina bin bayanta da buroshi. Rana tana tsaka, tsuntsaye suna ta hidimarsu a kan bishiya, har na fara jin kunyar kaina. Sai wayata ta yi motsi a cinyata. Mai Shiru ne.

"Ke kika cire sakatar?"

Na karanta sau uku. Na goge hannuna a riga na rubuta, "Wace sakata?"

"Ki mayar da ita. Yanzu."

"Ya aka yi ka sani? Ba kana wajen aiki ba?"

"Don Allah ki mayar. Makullin ƙofar ya daɗe da lalacewa. Ita kaɗai ce take riƙewa."

Na danna kiransa ban ma san na danna ba. Daga can sama, ta tagar ƙurya mai rufaffen labule, na ji waya tana ƙara, siririyar ƙara, sau biyu, aka katse.

"Kada ki kira, ƙara tana taso min da abin. Barcin magani nake yi, na farka na taɓa ƙofar na ji ta biyo hannuna. Na jingina bayana da ita. Ban san minti nawa ya rage min ba."

Jama'a, daga inda nake zaune zuwa ƙofar waje taku goma ne. Na ƙirga su da idona. Jakata tana rataye a reshe, takalmina yana ƙafata. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na miƙe ne da niyyar gudu. Amma sai na tsinci kaina na tsamo sakatar daga bokiti tana ɗigar da ruwa, na ɗauki kofin da akwatin Baba, na nufi matattakala. Kawunan tagullar da na goge da hannuna suna ta nuno min fuskata a karkace ina hawa.

Ƙofar tana rufe. Na durƙusa a gabanta, na ji numfashi ta cikin katakon, mai nauyi, daidai saitin fuskata.

"Kai ne?" na ce.

"Ni ne." Muryarsa ce, amma ta yi kauri, kamar harshen ya yi masa yawa a baki. "Ki yi haƙuri. Ki yi sauri."

Na ɗora sakatar a mazauninta. Ruwan lemon yana shiga wani yanka a ɗan yatsana yana zugi. Kusa ta farko ta shiga, ta biyu ta shiga. Ta ukun ta suɓuce min, ta gangara ta shige ta ƙarƙashin ƙofar. Na ce wayyo a hankali. Sai na ga 'yan yatsu sun leƙo ta ƙasa suna turo min ita. Yatsun da na sani ne, dogaye, masu tsabta kullum, amma yau faratan duk sun kakkarye, gaɓoɓin sun sassale.

"Me yake damunka?" na ce, hawaye yana hana ni ganin ramin.

"Yaya za ta gaya miki. Nawa suka rage?"

"Huɗu."

Ta ukun ta shiga, ta huɗun ta ƙi kamawa. Ramin ya buɗe saboda yawan cirewa da mayarwa, sai juyawa take yi a banza. Na wawuri akwatin Baba na zazzage shi a ƙasa, na lalubo ashana, na karya tsinke uku na cusa a ramin kamar yadda yake yi, na sake murɗawa. Ta kama.

"Ki yi min magana," in ji shi. "Ko me ne ne. Muryarki tana riƙe ni."

Ni da ba a raba ni da surutu, ranar na rasa abin faɗa. Sai na kama ba shi labarin furen da na samu a mariƙin falo, ganye biyar, da yadda Mama ta ce ina lallashin ƙarafa. Na ji ya yi wata 'yar dariya. Ta biyar ta shiga. Na ɗauko ta shida ina cewa saura ɗaya, ka ji, saura ɗaya tak. Nauyin da ke jingine da ƙofar ya ɗaga, katakon ya yi ɗan ƙara.

"Waye a nan?"

Muryar a tsaye take yanzu, daga sama da kaina, kuma babu alamar ta taɓa sanina. Na kira shi da sunan da ni kaɗai nake kiransa. Ya sake cewa, a hankali, cikin ladabi ma, "Waye a ƙofar nan?" Sai na ga mariƙin ya fara juyawa.

Kusa ta shidan rabi ta shiga. Na saki sukudireba na kama kan sakatar da hannu biyu na tura. Da yake na wanke ta, ta zarce sumul ba ko ƙara, ta faɗa raminta. Ko ƙiftawa ban yi ba aka fizgi ƙofar ta ciki da ƙarfin da ya sa ƙura ta zubo min a ka. Aka sake fizga. Na ja da baya da gindi har na bugi bango, idona a kan kusoshin nan, ina kallon su suna numfashi a cikin katako. Suka riƙe.

Ban san lokacin da Yaya ta hauro ba. Na dai juya na gan ta a bakin matattakala, takalmanta a hannu, ledar magani a ƙasa, bakinta yana motsi ba sauti. Ta zo ta shafa sakatar, ta ga danshin lemo, ta ga tsinken ashana. Sannan ta zame ta zauna kusa da ni.

"Cire ta kika yi?"

"Haka ake aikin, Yaya. Ba a gogewa a jikin ƙofa."

Ta rufe fuskarta da mayafi. "Ni na ɗauka tsumma kawai kuke sawa. Na kawo ki ne don ki ji motsi ki matsa min da tambaya, in samu bakin gaya miki. Kika tambaya sau biyu, sau biyun na kasa."

A can ciki an daina fizga, sai taku, a je a dawo. Cikin wannan takun ta ba ni labari da ƙaramar murya. Ciwo ne, ya fara masa shekarar da mahaifiyarsu ta rasu. In ya taso ba ya gane kowa, gani yake duk wanda ke gabansa ya zo cutar da shi. Sun bi likitoci, kuma maganin ya yi aiki, da duk mako ne, yanzu sai wata-wata, wani watan ma ya tsallake. Yana jin zuwansa tun ana gobe. Shi da kansa yake tuƙo mota ya zo, ya cire agogo da bel ya miƙa mata, ya shiga, ya ce ta rufe. Shi ya ɗaura sakatar da hannunsa. Ta janye hannun rigarta na hagu, sai a lokacin na lura wuyan hannun a karkace ya warke.

"Ranar da na ji tausayi na bar ta a buɗe ke nan. Da ya dawo hayyacinsa ya gani, kwana bakwai bai ci abinci ba."

"Me ya sa bai gaya min ba? Wata takwas, Yaya. Ina ta zargin mace."

"Tun wata na biyu nake cewa ya faɗa. Kullum sai ya ce bari ya ƙara sati ɗaya yana ganin yadda kike kallonsa." Ta share ido. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙanwata, na gaji. Shekara tara ina barin mijina da 'ya'yana ina zuwa nan. Ina so ki ce to, har cikin raina ina so. Amma in kin ce, wata rana hannunki ne zai riƙa jan abin nan. Ban yarda ki shigo ido rufe ba."

Haushi ya cika ni, na shi, na ita, har na Mama da take ganin ko kaza ba ta tashi. Tausayi kuma ya danne haushin ya hana shi fita. Muka zauna a ƙasan barandar nan har la'asar. Takun ya ragu, ya tsaya. Can wayata ta yi haske a cikin tarkacen da na zazzage.

"Na ji ƙanshin lemo a ƙofar. Ke kika rufe ni?"

"Ni ce."

"Na gode. Ko me kika yanke, kada ki gaya min yau. Abin da aka faɗa min a kwanakin nan ba ya zama a kaina, wannan kuwa ina so in tuna shi, ko da a'a ne."

Na kifa wayar. Na tattara kayan Baba ɗaya bayan ɗaya, don in hannuna yana aiki ba na kuka. Na miƙe zan tafi sai idona ya faɗa kan kusa ta shidan nan da ta tsaya rabi, kanta a waje. Na ɗauko sukudireba na ƙarasa ta, na bi sauran na ɗaɗɗaure, na girgiza sakatar na ji tana ɗan motsi.

"Katakon nan ya gaji, Yaya. Ashana ba za ta kai wata biyu ba. Gobe zan zo da dogayen kusoshi in matsar da ita sama kaɗan, inda itacen yake da ƙwari."

Ta ɗago daga inda take zaune, ta dube ni.

"Gobe za ki dawo?"

Wallahi sai da ta tambaya na ji abin da bakina ya faɗa. Na tsaya da akwatin a hannu, ita tana jira, shi yana bayan ƙofa, Mama tana ta kira a waya, ni kuma na kasa cewa ba haka nake nufi ba.